Bakina Ba Labule Ba Ne

Tun ina yarinya nake jin nauyin idon mutane. In mata suka taru a gidan suna, ni ce can bayan randa ina ɗauraye kofuna don kada a ce in yi magana. Karatuna na boko a firamare ya tsaya. Amma ina karanta Hausa a tsanake, kuma Allah ya ba ni murya mai fita tas. Abin da ya kai ni Amon Iyaka ke nan. Makirufo ba shi da ido.

Amon Iyaka ɗaki ɗaya ne a saman wani shago, gab da kasuwar Illela. Malaman makaranta da wasu 'yan kasuwa suka kafa ta don mutane su riƙa jin labarin garinsu daga bakin 'yan garinsu. Ba ta neman riba, ba ta karɓar talla, da taimakon jama'a take tafiya. Ranar kasuwa muna karanta labarai kai tsaye ta lasifikan da ke kan rufi, daga baya a tura muryar ta waya, ta shiga Araba da Garu da Gidan Katta har tsallaken iyaka. Mu uku ne. Malam Yari, tsohon hedimasta, shi ne shugaba. Latifa ke yawon neman labari, ga ta da baki kamar reza. Ni Sadiya ina karantawa.

Akwai ƙa'ida biyu da Malam Yari ya sa muka haddace kamar karatun allo. Ta farko, in labari ya taɓa wanda ya taimake mu, za a faɗi sunansa, a kuma faɗi abin da ya ba mu. Ta biyu, wanda labari ya taɓa danginsa ba shi zai karanta ba. Ya kan ce, “Ranar da munka ɓoye mai ba mu, ranar munka zama maroƙa.”

Sola da batiran da muke aiki da su kyautar Baba Alhaji ce, mahaifin maigidana. Kafin ya ba mu, da wani tsohon janareta muke fama, wanda kan mutu ina tsakiyar jimla, 'yan kasuwa su yi ta ihu daga ƙasa, “Ƙarasa mana, malama!” Kuma shi ne ya tsaya mini na fara aikin. Lokacin da Hajiya, surukata, ta ce ina aka taɓa jin matar aure a lasifika, shi ya ce, “A bar ta. Murya ce, ba fuska ba.” Magana ɗaya ya yi aka bar ni. Na kuma san magana ɗaya zai yi a zaunar da ni.

Ban taɓa faɗin sunansa ba. Haka aka rene ni, kuma ban ga aibun hakan ba. Akwai wani jariri a maƙwabtanmu da aka sa wa sunan, “mai sunan Baba” nake ce masa. Ko a cikin wannan rubutu, duk inda kuka ga sunan, daga bakin wani ya fito.

Wata safiya ina share ɗakin sai ga Latifa ta hawo da wani dattijo, Malam Lukmanu, manomin albasa daga Araba. Ko gaisuwa bai gama ba ya zube wani dami a kan teburin Malam Yari.

“Malam, kai ka yi boko. Duba mini wagga. Albasa ce ko haki?”

Lawashi ne kore shar, dogaye, gwanin kyau. Amma a gindinsu babu kai. Ɗan wani abu ne fari kamar yatsan jariri.

“Dut gonar haka take,” in ji shi. “Na ba ta taki, na ba ta ruwa, na ba ta wata da watanni. Matata ta ce in kai wa masu miya, ko na samu na goro.”

Latifa ta fito da gwangwanin irin albasa daga jakarta, mai hoton jar albasa ƙatuwa a jiki. Ta ce ta zaga gonaki a Araba da Garu, duk wanda albasarsa ta ƙi yin kai, irin wannan gwangwanin ya yafa, kuma daga shago ɗaya suka saya. Abin da ya fi tayar mata da hankali, gwangwanayen na nan jere a kan kanta har yanzu, ga masu noman rani sun fara shigowa sayen iri.

“Wane shago?” in ji Malam Yari.

“Na Alhaji Attahiru Mai Iri.”

Ta faɗa, sannan ta tuna da ni. Na duƙar da kai ina kallon tsintsiya. Malam Yari kuwa sama ya duba, inda fanka ke juyawa da wutar Baba Alhaji.

Ya yi abin da ya dace da farko. Ya sa hula ya tafi ya ji ta bakin mai shago. Da ya dawo bayan azahar ya daɗe yana goge gilashinsa kafin ya yi magana. Ya ce Alhaji ya karɓe shi hannu biyu. Alhajin ya ce shi ma cutarsa aka yi, wani dillali ne daga tsallake ya kawo masa kayan, kuma bai tabbata laifin iri ba ne, wataƙila ƙasa ce ko ruwa. Bai hana a yi labari ba. Alfarma ɗaya ya nema, ɗiyarsa Sadiya ta karanta, don muryarta mutane suka saba da ita.

“To ƙa'ida ta biyu fa?” in ji Latifa.

“Ke za ki karanta? Da wagga murya taki awa an ja kwano bisa siminti?”

“Gara kwano da ya faɗi gaskiya. Ko kai ka karanta mana, Malam. Ba ka da baki?”

“Ni injin nika kula.”

Ya ciro takarda ya miƙo mini. Ya riga ya rubuta labarin a hanya. Komai na ciki, gonakin, gwangwanin, abin da Baba ya ce. Amma inda suna ya kamata ya zauna an rubuta “wani attajiri”. Zancen sola kuwa babu shi.

“Malam,” na ce a hankali, “ko wagga kalma ba ni faɗi. Ta yi kusa da sunan.”

Ya yi dariya har da buga tebur, kamar na sauke masa kaya. Ya karɓi takardar ya soke, ya rubuta “wani babban ɗan kasuwa”.

“Kun gani? Ba mu ɓoye komi ba. Al'ada ce ta hana ta. Wa zai zarge mu don yarinya ta ji kunyar surukinta?”

Latifa ta ɗauki jakarta. “Ashe mun ci ladan kuturu. Sai aski.”

“Gobe ki tafi Gidan Katta,” ya ce mata ba tare da ya dube ta ba. “An ce famfonsu ya lalace. Ki jiyo mana.”

Gobe ita ce ranar kasuwa.

Da la'asar Baba Alhaji ya aiko a kira ni. Yana zaune a kan darduma a ƙofar turakarsa, yana jan carbi. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi.

“An ce ke za ki karanta labarin irin nan.”

“Haka anka ce, Baba.”

“Madalla. Na san gidan da kika fito, na san tarbiyyarki. Allah shi yi miki albarka.”

Sai na ji daɗi. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da na haihu da wahala, shi ya tsaya a asibiti a rana har aka ce masa na farfaɗo. Na tashi da albarkarsa ina jin sanyi a raina.

A madafa na iske Hajiya tana tankaɗe da wata ƙanwarta da ta zo daga Garu. Ƙanwar ce ke cewa mutanen ƙauye sun fusata, za a tona a lasifika. Hajiya ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Mi za a tona? Ga mai tonon nan. Bakin da bai iya ɗaukar sunan, mi zai ɓata?”

Suka yi dariya. Ba da mugunta ba, dariyar mutanen da suka san an gama magana. Ni ma na yi murmushi don kada a ce wani abu, na ɗauki tukunya na fita. Sai da na kai bakin rijiya abin ya zauna mini. Ashe ba muryata ake so ba. Kunyata ake so. Abin da uwata ta koya mini don in girmama manya, shi aka ɗauko aka rataye a ƙofar shago kamar labule, don a ci gaba da ciniki a bayansa.

Na yi tunanin layin masu iri a kasuwa. Suna da yawa, wasu tsofaffi ne da ke zama a tabarma da mudu ɗaya na irin gida. In na ce “wani babban ɗan kasuwa”, kowa zai zargi kowa, kuma wanda ya taso daga ƙauye da abin da ya tara zai nufi shagon da ya fi girma da fenti, don shi ya fi kama da gaskiya.

Da maigidana ya dawo daga lodin kaya a tasha na zuba masa abinci, na bari ya ci ya sha ruwa, sannan na faɗa masa.

“To mi kike so ki yi? Ki kira sunan Baba a kasuwa?”

“Allah shi kiyaye.”

“To ki karanta abin da anka ba ki, ki dawo gida. Ke kin san shi. In ya ce ki zauna, kin zauna, ni ba ni da ta cewa.”

“Kai ka san irin bai da kyau?”

Ya ture kwano gefe. “Na ce mishi ya sauke gwangwanayen daga kanta. Ya ce asarar ta yi yawa.”

Na kwashe kwanukan na fita da su.

Washegari na hau benen. Ta tagar ina ganin kasuwa ta cika, motocin shanu na ta shigowa, masu canji na kiran sefa, masu amalanke na neman hanya. A can layin iri na hangi manoma tsaye a gaban shagon Baba, wani na juya gwangwani a hannu yana kallon hoton. Malam Lukmanu na zaune a kan benci gindin benenmu da wasu 'yan ƙauyensu, sun zo su ji labarinsu.

Malam Yari ya kunna inji, ya ɗaga mini yatsa. Na yi sallama kamar kullum. Na karanta labarin farashin gero, na karanta na rigakafin dabbobi. Sai na zo kan takardar iri. Na karanta gonakin Araba da Garu, na kwatanta gwangwanin da hotonsa, na faɗi abin da mai shago ya ce, cewa shi ma cutarsa aka yi. Malam Yari na gyaɗa kai. Da na iso inda aka soke aka sake rubutu, sai na kife takardar.

“Jama'a, a nan zan tsaya,” na ce. “Akwai abin da ya kamata ku sani kafin a ci gaba. Wutar da ke kawo muku muryata yanzu, mai wanga shago ne ya ba mu ita. Sola da batir dut kyautarshi ce, kuma mun gode. Na biyu, shi ne mahaifin maigidana. Kun san bakina bai ɗaukar sunanshi, kuma ba zai ɗauka ba yau. Don haka anka ba ni wanga labari in karanta. Ƙa'idarmu ta ce bai kamata in karanta ba tun farko. Ni dai kunyata tawa ce, ban ba kowa aronta ba. Ga shugabanmu Malam Yari nan zaune kusa da ni. Shi ba surukin kowa ba ne. Shi zai faɗa muku sunan.”

Na tura makirufon gabansa.

Ban taɓa jin shiru irin wannan daga lasifika ba. Shiru ne mai ƙara, ana jin hucin inji yana yawo a kan kasuwa. Malam Yari ya zaro ido, ya kai hannu kan maɓallin kashewa. Ni da ba na iya kallon mutum, na dube shi tsakiyar ido, kuma ban kawar ba.

Daga ƙasa wani ya ɗaga murya, “Ƙarasa mana, Malam!” Wasu suka kama, har da masu tafi. Na ji muryar Malam Lukmanu a ciki, “Hedimasta, an tambaye ka, ba ka amsa ba!”

Ya janye hannunsa daga maɓallin. Ya cire gilashi, ya mayar. Sannan ya gyara murya irin ta taron ɗalibai da safe.

“Shagon Alhaji Attahiru Mai Iri ne,” ya ce. “Shi ya ba Amon Iyaka sola. Ni na rubuta labarin ba suna, kuma ni na ba ta. Wanda ya sayi wanga gwangwani kada ya yafa sai an bincika. In Alhaji na da ƙarin bayani, ga makirufo, ƙofa buɗe take.”

Ya turo mini abina. Na ci gaba da sanarwar wata akuya da ta ɓata. Da muka rufe bai yi mini faɗa ba, bai kuma yaba ba. Cewa ya yi, “Kin kashe mu da zafi, ɗiyata,” yana kallon fanka.

A gida ban iske mai amsa sallamata ba. Hajiya ta juya mini baya. Ba a jima ba aka ce Baba na kira. Maigidana na tsaye gefe, kansa a ƙasa. Na durƙusa inda na saba.

“Ke kika kira sunana a kasuwa?”

“Ban kira ba, Baba.”

“Amma kin sa an kira.”

“Na ce ba ni iyawa, na ba wanda ke iyawa.”

“Ni na tsaya miki a gidan nan.”

“Ban manta ba, Baba. Ba ni mantawa har in mutu.”

Ya zuba mini ido yana jiran sauran. Na san abin da yake jira, kowa a wurin ya sani. Kalma biyu ce, a yi haƙuri, na yi kuskure. Hajiya ta leƙo daga ɗaki tana yi mini alama da hannu. Na kafa idona a ƙasa, gwiwoyina sun yi zafi a kan siminti, na riƙe bakina. Da na zage shi da na roƙi gafara. Da na kira sunansa da na roƙa. Ban yi ko ɗaya ba.

Na jira ya ce in zauna a gida. Na ga maganar ta zo bakinsa. Amma duk Illela ta ji abin da na faɗa, ta kuma ji abin da ban faɗa ba. In ya zaunar da ni, me zai ce na yi? Ya juya ga ɗansa.

“Mukhtar, matarka ce. Ka san yadda za ka yi da ita. Tashi ku ba ni wuri.”

Washegari ya aika ma'aikata suka kwance sola daga rufin, suka sauke batiran. Latifa ta tsaya a kansu tana cewa su yi a hankali kada su fasa, kayan mutane ne. Gwangwanayen ma sun bar kan kanta. Wasu sun ce mayar wa dillalin ya yi, wasu sun ce suna cikin sito. Ban sani ba, kuma abin da ban sani ba ba na karantawa.

Duk makon maigidana bai ce mini je ki ba, bai ce kada ki je ba. Ranar kasuwa na yi wanka na sa hijabi na zauna a bakin gado. Ya shigo ya dube ni, ya fita. Na ji ya tayar da babur, ya bar shi yana ƙugi a ƙofar gida. Da ya ga ban fito ba ya yi oda.

“Za ki ko ba za ki ba? Mai nika ƙonawa.”

Ya bi da ni ta bayan tasha don kada mu wuce gaban shagon, ya sauke ni nesa kaɗan, ya tafi bai waiwaya ba.

Ɗakin ya yi zafi kamar tanda. Fanka tsaye. A ƙasan tebur ga wani baƙin batirin mota duk ƙasa a jikinsa, Malam Yari na durƙushe yana ɗaura masa waya, gumi na ɗiga daga gemunsa.

“Na wa ne?” na tambaya.

“Na Lukmanu. Ya ce aro ne, ba kyauta ba, kuma in ya mutu mu biya.”

“Sai ki yi sauri,” in ji Latifa. “Wanga ba ya kai mu labarin akuya.”

Har yau in na durƙusa na gaida Baba da safe, carbinsa yake ja, ba ya amsawa. Ina gaishe shi duk da haka, kuma har yau ban faɗi sunansa ba.

Malam Yari ya ɗaga yatsa. Na matso da makirufo.

“Assalamu alaikum, jama'ar Illela da kewaye. Wutar da ke kawo muku muryata yau, batirin Malam Lukmanu na Araba ne. In albasarshi ta yi wari, a nan za ku fara ji.”

Daga gindin bene na ji ya ce, “Kai, wagga yarinya!”